Yadda za ka duba hoton abokin sana'a ka faɗa masa gaskiyar da za ta amfane shi

Duk ranar Alhamis bayan la'asar muna haɗuwa a rumfar wata Hajiya mai shayi a gefen kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, kowa da kyamararsa ko wayarsa a hannu. Da can mu biyar ne ko shida. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar birnin Madani a watan Disamban 2023, sai zaman ya cika, domin cikin yaran da suka yo gudun hijira akwai masu hannu sosai a ɗaukar hoto. Ni ne dattijon zaman, tun zamanin fim da wankin hoto a ɗaki mai duhu nake cikin sana'ar, don haka yawanci ni ake fara miƙo wa waya a ce, "Kawu, duba mini wannan."

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne amsa iri biyu kawai mai hoto yake samu a wurinmu. Ko dai a ce "Masha Allah, tamam," a mayar masa da wayarsa, ko wani ya taɓe baki ya ce ai ko yaron goye zai ɗauki wannan. Na farko ya koma gida bai ƙaru da komai ba. Na biyu ya koma da ciwo a zuciya, shi ma bai ƙaru ba. Alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. An koya mana riƙon kyamara, amma babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana yadda ake magana a kan hoton wani. Ga hanyar da nake bi, daga lokacin da aka miƙo hoto har zuwa Alhamis ta gaba.

Fara da tambaya

Da farko tabbatar an nemi ra'ayinka. Wanda ya sa hoton mahaifiyarsa a Facebook ranar Sallah addu'a yake nema, ka yi masa addu'ar ka wuce. In kuwa an ce ka duba, to kafin ka ce uffan yi tambayoyi uku. Me ya tsayar da kai har ka ɗauki wannan? Wa zai gan shi, kuma a ina? Akwai abin da ke damunka a cikinsa?

Tambaya ta uku takan rage maka rabin aiki, domin sau da yawa mai hoton ya riga ya ji a jikinsa akwai abin da bai zauna ba, sunan abin ne kawai bai sani ba. Ta biyu kuwa ita ce ke ba ka ma'auni. Hoton amarya ranar jirtig, wato bikin al'ada na auren Sudan, wanda za a sa a gilashi a rataye a ɗaki, ana so ja da zinaren kayanta su fito, fuskarta ta yi kyau yadda danginta za su so ganinta. Hoton lebura yana yankan riɗi a watan Oktoba, wanda za a aika wa jarida, ba a auna shi da wannan mudun. Ka tuna hoton da Lana Haroun ta ɗauka da wayarta ranar 8 ga Afrilun 2019 a gaban hedikwatar soji a Khartum, lokacin zanga-zanga: wata matashiya mai suna Alaa Salah a tsaye a kan mota cikin farin tob, wato lafayar matan Sudan, yatsa a sama, jama'a sun ɗaga wayoyi kewaye da ita. Wanda ya zo da ma'aunin sutudiyo zai ce hoton bai fita tas ba, hasken yamma ya yi ƙasa. Amma hoton ya zaga duniya, saboda ya kama abin da aka tsaya kamawa. In ba ka san inda mai hoto ya dosa ba, duk kwatancen da ka yi masa zuwa gidanka zai kai shi.

Nemi hoton ainihi, ka dube shi a natse

WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba, sai ƙananan abubuwa su narke. Ka ce a turo maka a matsayin fayil, don kada ka ɗora wa mutum laifin manhaja. Ka shiga inuwa, domin a ranar Gadarif babu allon wayar da ke faɗin gaskiya. Sannan ka yi shiru na minti guda cur kana kallo. Minti guda yana da tsawo in mutum na tsaye a kanka yana jira, amma wannan shirun kansa girmamawa ce, kuma mai hoton yana gani.

A cikin mintin nan lura da tafiyar idonka: ina ya fara sauka, ina ya koma, ta ina ya fita. Bi kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, don a nan tarkace ke ɓuya. Sai a ƙarshe ka zuƙo hoton ka duba ido. In akwai bayanan da kyamara ke ajiyewa, wato saurin ƙiftawa da faɗin ƙofar haske da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara), duba su ma, za su hana ka yin hasashe.

Faɗi abin da idonka ya gani kafin ka yanke hukunci

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi amfani. Wani yaro ɗan Madani ya miƙo mini hoton wani tsoho mai gadin sito a kasuwar amfanin gona, yana zaune a kan buhun dawa, hannuwansa biyu a kan sanda. Ban ce ya yi kyau ba, ban ce bai yi ba. Na ce, "Ɗana, idona ya fara sauka a kan rawaninsa, don shi ne ya fi komai haske. Daga nan ya zame zuwa wata shuɗiyar jarka a bayan kafaɗarsa. Sai daga baya na dawo neman fuskarsa, na same ta cikin duhu." Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce, "Wallahi Kawu, ban ga jarkar nan ba sai yanzu."

Ban gaya masa ya yi kuskure ba, na ara masa idona ne kawai. Babu mai iya jayayya da kai a kan inda idonka ya sauka, amma da ka ce "bayan hoton ya yi datti" sai ya fara kare kansa.

Daga nan sai yabo, kuma yabon ya zo da dalili. "Ya yi kyau" ba ya koyar da komai. Abin da na ce wa yaron shi ne, "Hannuwan nan a kan sanda su ne ran hoton. Ka jira har ya saki jiki, ya manta da kai, shi ya sa suka kwanta haka." Yanzu ya san abin da zai maimaita. Kada ka ƙirƙiri yabo don ka share fagen suka, yara suna gane wannan tun kafin ka rufe baki. In ka duba da gaske za ka samu abu ɗaya da ya yi daidai, ko da ƙarfin halin tunkarar baƙo ne a roƙe shi hoto.

Hoton fuska: abin da ake bi a duba

Fara da ido. A hoton mutum ɗaya, idon da ya fi kusa da kyamara shi ya kamata ya fita tas. In hoton ya yi dishi-dishi, kada ka tsaya a "bai fita ba," gano dalilin, domin dalilan uku ne kuma maganinsu daban-daban. In kunne ko bangon baya ya fita amma ido bai fita ba, saiti ne ya kauce, kuma hakan ya fi faruwa in an buɗe ƙofar haske sosai kamar f/1.8. In komai da komai ya ja gefe guda, hannun mai ɗauka ne ya motsa, sai ka duba ko ƙiftawar ta sauka zuwa 1/30 na daƙiƙa, ka ce ya ɗaga ta zuwa 1/125. In bango ya tsaya cak amma mutumin ne ya shafe, shi ne ya motsa, kuma mai rawa ko mai juyi a da'irar zikiri yana buƙatar kamar 1/500.

Sai haske, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce matsalar da ta fi kowace yawa a hotunanmu: baƙar fata cikin farar jallabiya da farin rawani. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki. Da ya ga farin yadi ya cika hoto sai ya rage haske, fuskar da dama mai duhu ce ta ƙara nutsewa. In kuma mai ɗauka ya buɗe haske don fuska a tsakiyar rana, rawanin ya ƙone fari fat, babu ko lanƙwasa ɗaya da ta rage. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wankin hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton farar mace, da shi ake saita injin, mu kuma muka yi ta fama da sakamakon. Saboda haka in ka ga fuska ta nutse, kada ka ce wa yaro bai iya ba. Ka ce masa ya matsar da mutumin bakin rakuba, wato rumfa, inda yake cikin inuwa amma fuskarsa na kallon fili. Ya taɓa fuskar a allon waya don a auna haske da ita, ko ya ƙara haske mataki ɗaya a kyamara. Ya sa wani ya riƙe farin kwali ko farin mayafi daga ƙasa ko gefe don ya mayar da haske cikin ido. Ko kuma ya dawo bayan la'asar. Gyaran da aka bayar tare da hanyar yin sa shi ne mutum ke iya ɗauka ya tafi da shi.

Duba nisa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, in aka kusanto da ita fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya. Maganin shi ne a ja da baya kamar taku biyu a zuƙo sau biyu, ko a sa gilashin kyamara (lens) mai milimita 50 ko 85 ga mai kyamara. Duba inda aka datse jiki: datsa a kan wuyan hannu ko gwiwa ko idon sawu tana sa gaɓar ta zama kamar an guntule ta. Duba ko akwai turken wuta ko reshe da ya tsiro daga kan mutum.

Sai gyaran kwamfuta. A nan ba na sassautawa, ko da yake ina tausasa murya. Wata rana aka nuna mini hoton wata tsohuwa mai sayar da godogodo, an bi fuskarta da filta har ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, launinta ya tashi daga nata ya koma na wata. Tsagar da ke kumatunta, wadda ke faɗin gidan da ta fito, ta kusa ɓacewa. Na tambayi mai hoton, "In jikanta ya ga wannan, zai ce kakarsa ce?" A ƙasar da man bilicin ya riga ya cika kasuwa, mai hoton da ke haskaka fatar mutane ba tare da sun nema ba yana gaya musu cewa yadda Allah ya yi su bai isa ba. Cire ƙurjin da zai baje nan da mako guda ba laifi ba ne a hoton sutudiyo. Tsaga da tamoji da launin fata kuwa na mai su ne.

Abu na ƙarshe a hoton fuska ba ya cikin bayanan kyamara, wato abin da ke tsakanin mai ɗauka da wanda aka ɗauka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin ya yarda da wanda ke gabansa, ko ƙagara yake a gama? Duk wanda ya taɓa ganin hotunan da Rashid Mahdi ya ɗauka a sutudiyonsa na Atbara, garin jirgin ƙasa, ya san yadda mutum ke zama in mai hoto ya ba shi girmansa. In ka ga kafaɗa a ɗage, baki a matse, tambayi yaron minti nawa ya yi yana gaisawa da mutumin kafin ya ɗaga kyamara. Sau da yawa amsar ita ce bai gaisa ba.

Hoton da ke ba da shaida

Hoton rayuwa da na labari shaida ne, don haka tambayar farko a kansa ita ce ko gaskiya ya faɗa, kyau yana biyo baya. A nan ne mai duba hoto ya fi buƙatar ƙarfin zuciya, domin gyaran da zai yi yakan taɓa halin mai ɗauka, ba gwanintarsa kaɗai ba.

Wata yarinya cikin waɗanda suka zo daga Madani ta kawo hotuna wajen arba'in da ta ɗauka a wata makaranta da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. A cikinsu akwai wata mata a kan tabarma, yaro marar lafiya a cinyarta, ta ɗago kai tana kallon kyamara. Kowa a rumfar ya ce wannan ne gwarzon hotunan. Ni kuma na tambaye ta, "'Yata, da kika ɗauki wannan a tsaye kike ko a zaune?" Ta ce a tsaye. "Kin san sunanta?" Ta yi shiru. "Ta san inda hoton zai je?" Ta ce ba ta tambaye ta ba, ta ji nauyi. Na ce mata hoton yana da ƙarfi, hasken taga ya sauka daidai, amma an ɗauke shi daga sama, yadda mai rabon agaji ke kallon mai karɓa, kuma ita da matar gari ɗaya suka baro. Na ce ta koma ta zauna a tabarmar, ta gaishe ta, ta nuna mata hoton. In ta ce a goge, a goge.

Ban faɗi haka don in kunyata ta ba, kuma na ja ta gefe kafin in yi tambaya ta biyu. Amma da na yaba hasken na yi shiru a kan sauran, da na ci amanar matar da ke kan tabarma, wadda ba ta rumfar balle ta yi magana. Mai duba hoton shaida wakilin wanda ke cikin hoton ne. Sudan ta san wannan tun tuni. A watan Maris na 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton yaro da ungulu a Ayod, wadda yanzu take Sudan ta Kudu, ya samu kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 1994. Duniya ta yi shekaru tana cewa yarinya ce, sai a 2011 aka gano namiji ne kuma ya tsira daga waccan yunwar. Hoton da miliyoyi suka gani, amma an kusa shekara ashirin ba a san ko wane ne a ciki ba.

Don haka karanta bayanin da aka rubuta a ƙasan hoto kamar yadda ka duba hoton. Wane ne, ina ne, yaushe ne, me ke faruwa. Kalma ɗaya takan rushe aikin wata guda. Na taɓa ganin kyawawan hotunan masunta da manoma da wani matashi ya ɗauka a Mai Wurno, ya rubuta a ƙasa da Turanci wai baƙi ne 'yan Nijeriya, don yana ganin hakan zai fi jan hankalin mutanen waje. Na ce masa garin nan Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Mutanen da ya ɗauka, kakanninsu a nan aka haife su. Kuma bayan rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a garuruwan Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, babu Bahaushen Sudan da bai san abin da kalmar "baƙo" ke iya jawowa ba. Ya gyara rubutun a take.

Sai tsaro, wanda a yanzu ya zama wajibi a duba. Fuska a fili, lambar mota, allon shago, ko bayanin wurin ɗauka da waya ta liƙa a cikin fayil, duk suna iya sa a gane mutum a zarge shi da goyon bayan wani ɓangare. In ka ga haka, faɗa tun kafin a wallafa, ko da ba a tambaye ka ba. Wannan ne kaɗai wurin da nake karya ƙa'idar jiran a nemi ra'ayi.

Tambayi kuma ko an shirya abin, ko an cire wani abu. A sutudiyo kana iya cewa "ɗaga haɓa, juyo nan." A hoton shaida, in ka ce wa mutum ya sake ɗaukar buhun don ka samu hoto, dole a faɗa a bayanin cewa tsayuwar hoto ce. Ƙara haske kaɗan ko rage gefe ba komai, amma goge jarka ko ƙara hayaƙi ƙarya ce. A gasar hotunan jarida ta duniya, World Press Photo, ta 2015, kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda irin wannan taɓawa. Jarkar da na nuna wa ɗan Madani, da ƙafa ake kauce mata, a matsa taku ɗaya hagu, ba da yatsa a allo ba.

Ka kiyaye kuma kada ka gyara abin da shi ne labarin. Hoton Yasuyoshi Chiba da ya zama gwarzon hoton shekara a wannan gasar a 2020, an ɗauke shi ne a Khartum a watan Yunin 2019, an ɗauke wuta, wani saurayi yana rera waƙe jama'a na haska shi da fitilun wayoyinsu. Wanda zai ce a ƙara haske a goge duhun bai fahimci cewa duhun ne ya sa hoton ya zama abin da yake ba. Ƙurar guguwar habub, girgizar hoton da aka ɗauka ana gudu, duk suna iya zama shaida.

In jerin hotuna ne, a buga su ƙanana a baza a kan tabarma, ya fi a yi ta shafa allo. Nemi wanda ke nuna wurin gaba ɗaya, da na tsakiya mai nuna abin da ake yi, da na kusa mai nuna hannu ko kwano ko takalmi. Ware masu maimaita juna. Arba'in ɗin yarinyar nan sun koma goma sha ɗaya, kuma da aka baza su ne ta gane duk na baƙin ciki ta zaɓa, alhali a wayarta akwai matan suna tuƙa tuwon asida suna dariya, da yara suna karatun allo a gindin bango. Waɗannan ma sun faru a makarantar. Amma ita ce ta ɗaga kowane hoto ta ajiye gefe, ni tambaya kawai nake yi.

Zaɓi gyara ɗaya ko biyu

Za ka ga abu goma, faɗi biyu. Zaɓi wanda in an gyara shi hoton zai fi canjawa, kuma wanda mai hoton ke da ikon gyarawa da kayan da ke hannunsa. Cewa yaron da ya baro gidansu da riga ɗaya ya sayi sabon gilashi ba shawara ba ce.

Rarrabe lahani da son rai. Ido bai fita ba, lahani ne. Ni na fi son baƙi da fari, wannan son raina ne, kuma in zan faɗa sai in ce nawa ne. Kada ka datse hoton wani ko ka canja masa launi ka mayar masa ba tare da izini ba. In kana son nuna datsa, rufe gefen allon da tafin hannunka ka ce, "Duba haka, ya ka gani?"

Harshe da wuri

Addini nasiha ne, amma nasiha a bainar jama'a takan koma tonon silili. Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya wani yaro ya sa hoto a zaurenmu na WhatsApp, na jero masa kurakurai bakwai a gaban mutum sama da talatin. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya yi godiya, daga nan bai sake turo hoto ba har kusan shekara, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa ido a cikinmu. Sai da na je har gidansu na ba shi haƙuri. Tun daga ranar, abin da ya shafi haske da saiti ina faɗa a zaure don kowa ya ƙaru, abin da ya shafi izini da mutunci da gaskiya kuwa tsakanina da mai hoto ne, kuma da baki ko saƙon murya, domin rubutu ba ya ɗaukar taushin murya.

Yi magana a kan hoton, kada ka yi a kan mutumin. "Fuskar ta nutse" daban take da "ba ka iya haske ba." In wanda ya girme ka ne, shigo ta ƙofar tambaya: "Baba, ni dai na ga kamar rawanin ya rinjayi fuskar, ko da niyya aka yi?" Wataƙila da niyyar aka yi, ka ƙaru. In mace ce ta nuna maka hotunan lalle ko na cikin gida, ka sani amana ta ba ka. Ba a tura su gaba, ba a nuna wa na kusa, ko da don a yaba ne.

In mai hoto ya ƙi yarda da gyaranka, saurari dalilinsa har ƙarshe. In maganar ɗanɗano ce, bar masa, hotonsa ne. In maganar cutar da wanda ke cikin hoton ce, maimaita sau ɗaya a fili ba tare da kwana-kwana ba, ka gaya masa ba za ka sa hannu a yaɗa shi ba.

Alhamis ta gaba

Kada ku rabu sai da aiki ɗaya takamaimai da ranar dawowa. Ɗan Madani na ce masa ya koma wurin tsohon nan bayan la'asar, ya kai masa hoton farko a buge, ya roƙe shi ya matso bakin ƙofar sito. Ya dawo da hotuna shida. A na huɗu fuskar ta fito, har ana ganin ɗigon haske a idon tsohon, lanƙwasar rawanin duk suna nan, jarkar ta fita daga hoto. Na nuna masa su ɗaya bayan ɗaya don ya san na lura. Sai dai a wannan karon ya matso da yawa, ya datse hannuwan da ke kan sanda, waɗanda su ne suka riƙe hoton farko. Na rufe hoton farko da tafina daga ƙirji zuwa ƙasa na tambaye shi me ya ɓace. Ya duba, ya dafe goshi, ya ce gobe Juma'a sito a rufe yake, amma ranar Asabar zai koma.